Yaya Sale da Tsagar da Kwamfuta Ta Goge

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda mutanen Gumel suka sani da Sale Mai Hoto. Da damina ya rasu, bayan jinyar da ba ta daɗe ba, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shirun ba. Waɗanda ake jin nauyinsu duk sun bi shi, ni ma na manyanta, kuma abin da na sani idan ban faɗa ba da shi za a binne ni. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta su yi mini haƙuri, na bar ta har na gaji da barinta.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Shagonsa na kusa da tasha yau cajin waya ake yi a ciki, an toshe ƙofar ɗakin duhun da yake wanke hoto an mai da shi ma'ajiyar lemo. Amma akwai lokacin da ba a ɗaura aure ko a raɗa suna tsakanin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar ba a ga babur ɗin Sale a ƙofar gida ba. Mutum ne mai tsokana, ba ya ɗaukar ka sai ya sa ka dariya, in ka ƙi ya ce to tsaya a haka, jikokinka za su ɗauka bashi ake bin ka. Yana da ƙa'ida guda da ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Ya ce fuska kayan mai ita ce, wanda ya ɗauka ba a ba shi ba ɓarawo ne ko da kyamararsa ta zinariya ce.

A ƙarshen shekarun casa'in kwamfuta ta shigo rayuwarsa, ta hannun abokinsa Mista Yohanna. Shi Yohanna mutumin Filato ne, Kirista, aikin ƙaramar hukuma ya kawo shi ya zauna har Hausarsa ta koma ta Gumel. A ofishinsu ya koyi kwamfuta, shi ya kwaɗaita wa Sale cewa gyaran da yake yini yana yi da fensir a jikin filim, na'ura za ta yi shi kafin a sauke tukunya. Sale ya sayar da babur ɗinsa ya je Kano ya dawo da tsohuwar kwamfuta, da wata na'ura mai murfi da ake kifa hoto a kanta ta kwafe shi zuwa ciki. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Gagarawa, na ce masa ya sayar da ƙafa ya sayi akwati. Ya ce in bari in gani, akwatin nan sai ya saya masa mota.

Kwamfutar ta zo da babbar manhajar gyaran hoto a cikinta. Sai dai Yohanna ya ce ita kaɗai ba ta iya komai da komai ba. Akwai wasu 'yan ƙananan manhajoji da mutane daban suke ƙirƙira, ba masu babbar ba, ana zuba su a wani aljihu na cikinta, a kashe ta a sake kunnawa, sai a ga sabon suna ya fito a jerin kayan aikinta. Sale 'yan haya yake kiran su, wai ba su suka gina gidan ba amma sun fi mai gidan iyayi. Wani ɗan hayar yana sa wa hoto launi, wani yana canza bangon da ke bayan mutum, wani yana kewaye hoto da furanni. A kasuwar Maigatari yake samo su, wurin wani Mahamadu mutumin Damagaram mai sayar da rediyo da kaset, wanda kan zo da faifan kwamfuta a cikin gwangwanin biskit. Duk bayaninsu da Faransanci yake. Mahamadu yana jin Faransancin ciniki, amma na kwamfuta ya fi ƙarfinsa, Yohanna kuma Turancin Ingilishi kawai ya sani. Saboda haka da lalube ake aiki. Wani faifan in an zuba shi ba ya fitowa sam, wani kuma ya sandarar da na'urar sai an cire ta daga wuta.

Kada wani ya ce yayana sakarai ne. Yana da tsarinsa. Ba ya zuba 'yan haya biyu rana ɗaya, don in wani abu ya lalace ya san mai laifi. Kuma ba ya gwada sabo a fuskar mutum. Akwai hoton wani ƙaton rago da ya ɗauka a Maigatari, shi ne ɗan gwajinsa. Ragon nan ya sha wahala a hannun Sale: an yi masa launin kore, an tsayar da shi a gaban ruwan teku, an kewaye shi da furanni kamar amarya. Sai abu ya yi kyau a jikin rago sannan a matsa zuwa ga ɗan Adam. Da haka shagon ya cika, amare suna so a share musu ƙuraje, 'yan kasuwa suna so a tsayar da su a gaban benen da ba nasu ba.

Sai Mahamadu ya kawo wani sabon ɗan haya mai share karce da tabo daga tsohon hoto. Sale ya kakkarce hoton ragonsa da allura, ya kwafe shi, ya gwada. Akwai wani ɗan ma'auni da ake ja daga hagu zuwa dama, gwargwadon ja gwargwadon ƙarfin sharar. Da ya ja shi har ƙurya sai rago ya fito fes, ko ɗigon karce babu. Ya yi murna, ya ce ba amarya ko ɗan kasuwar da zai fara cin moriyar wannan, Baba ne zai fara.

Mahaifinmu hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, a Kano, wata shekara da ya kai gyaɗa. Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari. A ɗakin Inna mahaifiyarmu yake rataye har ta rasu, yoyon damina ya taɓa shi, ya manne da gilashin firam ɗinsa, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Baba yana da tsagar gidanmu, zane-zanen da suka sauko daga gefen ido zuwa kumatu, da wata gajera kusa da hanci. Wanzami ɗaya ya yi wa duk 'yan ɗakinsu, kuma tasu ta bambanta da ta sauran gidajen garinmu Ɗanzomo, wanda ya sani yana gani zai ce wannan ɗan gidan wane ne. Mu ba a yi mana ba, Baba ya ce zamaninta ya wuce. A hoton nan tsagar tana nan, amma ta dushe, ta cakuɗe da tsagewar takarda.

Sale ya kifa hoton da gilashinsa a na'ura ya kwafe, ya kira ɗan hayan, ya ja ma'aunin har ƙurya kamar yadda ya yi wa rago. Rago ba shi da tsaga, waɗanda suka ƙirƙiro abin a ƙasarsu kuma ban jin sun taɓa tunanin akwai fuskar da aka zana da gangan. Duk wani layi siriri da na'urar ta gani ta ɗauke shi ɓarna ce, ta share. A ƙaramin allon kwamfutar abin da Sale ya gani shi ne Baba ya fito tas, idonsa na kallonsa. Cikin na'urar ƙarami ne, ba ya ɗaukar hotuna da yawa, don haka al'adarsa ce ya ajiye gyararre a kan na farkon. Haka ya yi. Daga nan ya so ya sa sabon a firam ɗin Inna, sai ya jiƙa tsohon a ruwa don ya saki gilashi, dabarar da ya sha yi ta yi. Wannan karon takardar ta tsufa da yawa, fuskar ta narke ta bi ruwa. Bai damu sosai ba, a ganinsa yana da wanda ya fi shi. Garin neman gira aka rasa ido, shi kuwa bai ma san an rasa ba.

Ranar wani suna a Ɗanzomo Sale ya kawo sabon hoton, a gidan Baffa Habu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage a 'yan ɗakinsu. An buga masa hoton da girma a Kano, ya naɗe shi a sabon zane. A tsakar gida ya buɗe, lokacin da Baffa ya shigo sa wa jariri albarka. Ni da na gani kuka na fara, don rabon da in ga idon Baba sarai haka tun yana raye. Mata suna ta sa albarka. Baffa ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya, wane ne wannan.

Sale ya yi dariya ya ce, "Baffa, yayanka ne mana."

Baffa ya ce, "Yayana da tsagarsa Allah ya karɓi ransa. Wannan ban san ɗan gidan wane ne ba. Ina na asalin?"

Na ga lokacin da Sale ya sake duban hoton ya gane. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya durƙusa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, bai ɓoye komai ba, har zancen ruwan. Baffa ya jingine hoton a bango, fuskar na kallon bangon, ya ce, "Ka goge ubanka, ka kawo mana baƙo, kana so mu yi guɗa." Ya fita, tuwon sunan nan ba wanda ya san ɗanɗanonsa.

Ba na cewa Baffa ba shi da hujjar jin zafi. Ɗan'uwansa ne, kuma tsagar nan a wurinsa ita ce shaidar cewa su 'yan gida ne ba 'yan ci-rani ba. Da ya yi fushin wata ɗaya ko na shekara, da ban rubuta wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gyara yana nan, kuma a fuskar Baffa yake. Yohanna ya nuna wa Sale cewa ana iya mayar da tsagar da hannu, layi bayan layi, in dai akwai abin dubawa. Muka zauna ni da Sale za mu tuna, sai muka ga ikon Allah. Mutumin da muka tashi muna kallon fuskarsa kullum, mun kasa yarda a kan yawan zanen kumatunsa, ko ta wane gefen hanci gajerar take. Ni in ce dama, shi ya ce hagu. Ya zana ya goge ya fi a ƙirga, kowanne ya fito sai mu ga wani mutum ne daban. Abin da ake bukata kawai Baffa ya zauna a kujera a ɗauke shi hoto ɗaya, tunda aska ɗaya ta yi musu.

Sale ya je ya roƙa, aka ce Baffa yana barci. Ya koma, aka ce ya tafi gona. Yohanna ya sayi goro ya je da kansa, ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya ce laifin nasa ne, shi ya kawo kwamfutar. Baffa ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa fura, ya ce wannan maganar gida ce. Ana cewa naka sai naka, daɗin zama sai bare. Mu a kanmu baren ne ya yi ta sintiri, namu yana zaune a kan buzu. Daga ƙarshe ni na je, na durƙusa, na ce Baffa ko ba don Sale ba, don Baba. Ya ce, "Talatu, wanda ya goge ta ubansa, shi zan miƙa wa tawa? Tashi ki tafi gidan mijinki."

Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Yaron nan bai yi ƙiwuya ba. Har sallar Juma'a ya riƙa zuwa Ɗanzomo a motar haya don ya samu sahu kusa da Baffa ya saci kallon kumatunsa, ya dawo ya zana abin da ya riƙe. Da Baffa ya lura sai ya fara naɗa rawani yana jan amawali har bisa hanci, shi da ba ya naɗi sai da Sallah. Wani ya ba Sale shawara ya laɓe a kasuwa ya ɗauke shi daga nesa, ai ba zai sani ba. Da kyamarar da ƙwarewar duk yana da su. Ya ce bai taɓa satar fuskar kowa ba, ba zai fara da ta ƙanen ubansa ba. Na ji haushinsa a ranar, na ce masa taurin kan gidan ne shi ma ya gada.

Magana kuwa ba ta tsaya a gida ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a jima zance ya zaga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar cewa Sale yana da na'urar goge asali. Aka ƙara gishiri, wai masu abin ɓoyewa a tarihin gidansu suna zuwa ya share musu tsagar kakanni don su nemi aure a gidajen da da ba za a ba su ba. Ƙarya ce tsagwaronta, hoto ɗaya tak abin ya taɓa shafa, kuma namu ne. Amma wa zai shiga shagon a gan shi a ce shi ma yana da abin gogewa? Dattawa suka ɗauke ƙafa, suka hana 'ya'yansu. Waɗanda jiya suke layi a tsayar da su gaban benen aro su ne suka fi kowa tofa albarkacin bakinsu. Sale ya cire ɗan hayan nan daga kwamfutar, ya karya faifan a gaban mutane a bakin tasha, ba wanda ya dawo. Mai tsokanar nan ya koma shiru-shiru, ya rame, in ka shiga shagon za ka same shi shi kaɗai da fuskar Baba a allo yana jan layi yana gogewa.

Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, ciwon hanta kuma likita ya faɗa. Amma na san da abin da ya kwanta a ransa. Ranar da na kai masa kunu asibiti, ana jibi zai rasu, bai yi mini zancen 'ya'yansa ba, ya san zan riƙe su. Cewa ya yi, "Talatu, ki sake gwada Baffa. Ko ba ni zan ɗauka ba, a samu wani ya ɗauka."

Ban kai ga komawa ba aka yi rasuwar. Baffa ya zo, shi ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa a matsayin uba, fuskarsa a buɗe, ana ta ba shi haƙurin rashin ɗa. Bayan 'yan watanni ɗan Baffa na cikinsa ya biya masa kujerar Makka. Aka ce sai da hoton fasfo. Baffa ya shiga mota ya zo Gumel, ya shiga shagon wani baƙon mai hoto da ke kallon rufaffen shagon Sale, aka ce ya cire rawani ya cire, aka ce ya ɗaga haɓa ya ɗaga. Ko gardama bai yi ba. Abin da aka hana ɗan gida yana roƙo har ya mutu, an ba wanda ko sunansa ba a sani ba.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da zai leƙo yau. Abin da aka tsine masa a kai yanzu yana aljihun kowa, kyauta, ba sai an je Maigatari an lalubi Faransanci ba. Yarinya za ta ɗauki kanta a waya ta shafe fuskar har uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu. Lokacin zaɓe dattijo mai jikoki zai fito a jikin bango sumul kamar ango, da tsagar da furfurar duk an share, kuma shi ya biya a yi masa. Jikokin waɗanda suka ce Sale na goge asali su ne gwanayen abin. Ban ji an ƙaurace wa kowa ba. Ina jin da farko dariya zai yi, ya ce ashe 'yan haya sun cinye gidan. Bayan dariyar ban san me zai biyo ba, kuma gara da bai gani ba. Shi kuskure ya yi sau ɗaya, cikin ƙauna, ya biya da sana'arsa da sunansa.

Me ya rage na Sale? Kwamfutar ta yi tsatsa an sayar wa 'yan gwangwan. 'Ya'yansa sun girma, ba wanda ya ɗauki kyamara a cikinsu, ban kuma ga laifinsu ba. Yohanna ya yi ritaya ya koma Filato, duk damina sai ya kira ni ya yi mini gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar. A gidaje da yawa daga nan har bakin iyaka akwai hotunan aure da na suna da mutane ke dariya a ciki, ba su san wanda ya sa su dariyar ba. Sai kuma hoton Baba, da na ɗauko daga inda aka jingine shi a Ɗanzomo, yana ɗakina.

Da Baffa ya rasu aka raba kayansa, ragowar hoton fasfon nan ta faɗo hannuna. Tsagar ta fito raɗau. Gajerar a hagu take, Sale ne da gaskiya. Kwanan baya jikana Nura, mai karatu a Kano, ya ga hotunan biyu ya ji labarin, ya ce Hajiya ai wannan ba aiki ba ne, kafin shayinki ya huce na ɗauko tsagar nan na ɗora wa wancan a waya. Da zuciya ɗaya ya faɗa, yaron kirki ne. Na daɗe ina kallon hotunan, don ba ƙaramin so nake in sake ganin Baba da fuskarsa cikakkiya ba.

Na ce ya mayar da wayarsa aljihu. Tsagar nan Sale ne ya cire ta bisa kuskure, shi ya kamata ya mayar, ya roƙa aka hana shi. Ba zan yarda a gyara kafin shayi ya huce, a rataye, kowa ya shigo ya ce masha Allah ai komai ya wuce ba. Bai wuce ba. Hoton zai zauna yadda Sale ya bar shi, duk wanda ya tambaye ni ina tsagar Baba zan shimfiɗa masa tabarma in gaya masa wanda ya goge, in kuma gaya masa wanda ya hana a mayar.

Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya sa ya huta, ya haɗa shi da Baba inda ba a bukatar hoto kafin a gane juna. Baffa ma Allah ya jiƙansa. Wannan bakina ne ya faɗa, zuciyar har yau ba ta iso ba.